Keke mai tafin raƙumi

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa hawan keke daga Tawa zuwa Barmu ko Afala, ka san wahalar rairai. Taya ta nutse, ka sauka kana turawa, kasuwa ta watse ba ka iso ba.

To, an yi keke don rairai, kuma a ƙasarmu aka gwada shi. A shekara ta 1980, wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga Damagaram bisa keke mai faffaɗan tayoyi, ya ratsa hamada har Tamanrasset, ƙasar Aljeriya.

Mutanen Alaska, can arewacin Amurka, su ma suna da irin wannan wahala. Lokacin ɗari, ƙanƙara mai laushi kamar gari ke rufe musu hanya. A 1987 suka fara tseren keke bisanta. Wasu suka haɗa ƙafa biyu wuri ɗaya don ta yi faɗi. Yau masana'antu na ƙera irin wannan keke.

Dabarar ba baƙuwa ba ce gare ka. Dubi tafin raƙumi: faɗinsa ke hana shi nutsewa. Saboda haka, in ka shiga rairai, rage iska kaɗan, taya ta baje. In ka kai wurin duwatsu, ƙara mata iska, kada ta fashe.