Kwas ɗin nutso daga jirgin ruwa: abin da takardar shaida ke sayo wa mai ita

A ranar 25 ga Janairun 1998, wani jirgin yawon buɗe ido ya kai masu nutso gaɓar murjani ta St Crispin, a tekun jihar Queensland ta Ostareliya, ya kuma koma gida ba tare da Tom da Eileen Lonergan ba, wasu ma'aurata 'yan Amurka. Sai bayan kwana biyu, da aka tsinci jakarsu a jirgin, aka farga. Har yau ba a ga gawarsu ba. Jihar ta tsaurara dokar ƙidayar fasinjoji bayan wannan sakaci.

Irin wannan haɗari ne ya bambanta nutso daga jirgi da nutso daga bakin teku. Wanda ya shiga ruwa da ƙafarsa yana iya fita da ƙafarsa. Wanda jirgi ya kai tsakiyar teku kuwa, ransa na rataye da komawarsa jirgin.

Takardar farko da ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ke bayarwa tana ba mutum damar nutsawa da tukunyar iska har zurfin mita 18. A bisanta ake ɗora kwasa-kwasai na musamman, ciki har da na nutso daga jirgi, wanda nutso biyu ne kacal a gaban malami, ana iya gama shi a wuni ɗaya, kuma ɗan shekara 10 ma yana iya shiga.

Abin da ake koyarwa kamar ƙaramin abu ne, amma a kansa ake rasa rai. Akwai yadda ake faɗawa ruwa da baya daga ƙaramin kwale-kwale, da yadda ake taka dogon taki daga babban jirgi; akwai riƙe igiyar da ake saki a bayan jirgi don kada ruwa ya ja mutum, da nisantar farfelar inji, da ƙin tsayawa ƙarƙashin wanda ke hawa tsani da nauyin tukunya a bayansa. Ana kuma sabar da ɗalibi amsa kiran suna kafin jirgi ya tashi, da hura doguwar balan-balan mai launi da ke nuna inda ya ɓullo.

Sai dai gaskiyar magana, yawancin masu jiragen ba sa tambayar wannan takarda, ta farko ta ishe su. PADI kamfani ne mai zaman kansa, kowane kati kuɗi ne, shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa jawabin da ma'aikatan jirgi ke yi kafin a shiga ruwa ya ƙunshi rabin darasin, kyauta. Suna da hujja. Wanda kwas ɗin ya fi amfana shi ne wanda ya koyi nutso a tafki ko bakin gaɓa, bai taɓa haɗa kayansa a jirgin da ke tangaɗi ba.

Kuma takardar fasinja ba ta gyara gangancin mai jirgi. A ranar 2 ga Satumban 2019 gobara ta cinye jirgin Conception kusa da tsibirin Santa Cruz a Kalifoniya, mutum 34 suka mutu a ɗakin kwana na ƙasa. Masu bincike sun gano babu wanda ke gadin dare kamar yadda doka ta tanada, kuma a 2024 kotu ta ɗaure kyaftin ɗin, Jerry Boylan, shekara huɗu.