Mabuɗan Tilas a Shirye-shiryen LaTeX: Nazari kan keyval, pgfkeys da l3keys

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda mai shirya ƙunshin LaTeX zai tilasta wa mai amfani kawo wani mabuɗi. Ta nuna cewa sharaɗin buƙatar ƙima da ke cikin pgfkeys da l3keys bai isa ba, sai an yi bincike bayan karanta jerin mabuɗan, kuma a cikin shinge.

Gabatarwa

TeX, wanda Donald Knuth ya fara fitarwa a 1978, ba ya barin umarni ya ɗauki gurabe fiye da 9. Tun ma kafin a kai nan mai rubutu ya manta wanne ne na uku, wanne ne na biyar. Ƙunshin keyval na David Carlisle, wanda ya zo tare da graphics a zamanin LaTeX2e na 1994, shi ya sauƙaƙa lamarin: a rubuta width=5cm, sunan da kansa ya faɗi aikinsa. Daga baya Till Tantau ya kawo pgfkeys cikin PGF, l3keys ya zo cikin expl3, kuma a watan Yunin 2022 aka saka \DeclareKeys a cibiyar LaTeX kanta.

Dukkansu aiki ɗaya suke yi: su bi jerin, su aiwatar da abin da aka ɗora wa kowane mabuɗin da suka tarar. Wanda bai zo ba, babu ruwansu da shi.

Inda Gizo ke Saƙar

Da yawa kan ɗauka cewa .value required na pgfkeys, ko .value_required:n na l3keys, ya kashe bakin zancen. Ba haka ba ne. Sharaɗin yana tashi ne kawai idan an ambaci mabuɗin ba tare da alamar daidai ba. A ɗauki umarnin da ke buga kan takardar jarrabawa, mai mabuɗai uku: darasi, aji da lokaci. Idan malami ya rubuta darasi tsirara, za a tsayar da shi. Idan ya rubuta darasi= bai sa komai ba, zai wuce, domin wofi ma ƙima ce a wurinsu. Idan kuwa ya tsallake shi gaba ɗaya, shiru kake ji.

Hali na ukun nan ya fi damuna. A ce takardar farko ta ɗauki darasi=Lissafi, a ta biyu kuma aka manta. Muddin ba a kewaye aikin da shinge, wato \group_begin: da \group_end:, ba, tsohuwar ƙima tana nan zaune, sai takardar Tarihi ta fito da kan Lissafi. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, kuma mai yiwuwa sai a ɗakin jarrabawa za a gane.

Mafita

Kafin \keys_set:nn ya karanta jerin, a cikin shingen, a zuba wa ma'ajiyar mabuɗin wata alama da mai rubutu ba zai taɓa bugawa ba. Bayan an karanta jerin sai a duba: in alamar tana nan, mabuɗin bai zo ba. Ana amfani da \q_no_value a matsayin alamar, amma da hatsari, domin idan ya kuɓuce zuwa wurin bugawa TeX zai yi ta warware shi ba iyaka. Na fi natsuwa da \c_novalue_tl. Wofi kuma a bincike shi daban. Shingen ma ba zai yi amfani ba in an ajiye ƙimar da .tl_gset:N, wanda ke tsallake shi.

Saƙon da \msg_error:nnn ko \PackageError zai fitar ya ambaci sunan umarnin da na mabuɗin da ya ɓata. In sun kai biyu a tattara su a faɗa lokaci guda, kada bawan Allah ya sake sarrafa takarda sau biyu a kan laifi ɗaya.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a fara yi: shin abin ya cancanci zama mabuɗi? A \includegraphics sunan fayil ɗin hoton gurbi ne na tilas, faɗi da tsawo ne suka zama mabuɗai. A ganina, idan abin tilas ɗaya ne ko biyu, a bi wannan sawun. Sai sun kai uku ko huɗu, jerinsu ya fara rikita mai rubutu, sannan wahalar binciken take biyan kuɗin sabulu.