Yadda Aka Raina Injin Jet Kafin Ya Tashi Sama

Yau za mu waiwayi tarihin jirgin yaƙi mai injin jet.

A shekarar 1930, wani matashin hafsan sojan sama na Ingila, Frank Whittle, ya yi rajistar ƙirar injin da ke tura jirgi da hucin iska mai zafi maimakon farfela. Ma'aikatar sojan sama ta ce abin ba zai yiwu ba, kuma tana da hujja, domin ƙarafan wancan zamani ba sa jure irin wannan zafi. A 1935 rajistar ta mutu, saboda Whittle bai samu fam 5 na sabuntawa ba.

Sai Jamus ta riga su. Ranar 27 ga Agusta 1939, jirgin Heinkel He 178 ya tashi da injin Hans von Ohain. Na Whittle bai tashi ba sai Mayu 1941. Me 262 ya shiga yaƙi a 1944, ya fi jiragen farfela gudu nesa ba kusa ba, amma injinsa kan lalace cikin awa 25 saboda ƙarancin nikel.

Idan matashinmu ya kawo dabara, mu tambaye shi abin da ya rage a samo kafin mu ce ba za ta yiwu ba.