Daga ƙwarya zuwa bokitin fenti a ƙasar Yawuri

Kafin ruwan madatsar Kainji ya taru a 1968, ya tashi mutum wajen 44,000, ciki har da Gungawan tsibiran Kwara, kowane abin da ake tsimawa a ƙasar Yawuri yana da mazubinsa. Nono a ƙwarya yake kwana, gasara a tukunyar ƙasa. Kalwar daddawa kuwa a kwando ko masaki ake lulluɓe ta da ganye kamar kwana uku, domin ƙwayoyin halittar da ke nunar da ita suna son ɗumi da iska.

Ƙwaryar nono ma tana da nata aikin. Ragowar ƙwayoyin jiya da suka maƙale a jikinta su ke kama madarar yau, shi ya sa sabuwar ƙwarya ba ta saurin kamu.

Daga baya kwanon sha da roba suka cika kasuwannin Yelwa, Ngaski da Shanga. Sun fi sauƙin wanki, ba sa fashewa. Sai dai tsami yana cin ƙarfe: bokitin kwano yana sakin sinadarin zinki cikin kunu, kwanon da fentinsa ya ɓare kuma tsatsa yake zubawa. Mafi muni ita ce jarkar maganin feshi, wadda ba ta wuya a ƙasar noman albasa da shinkafa. Roba tana shan guba, sabulu ba ya fitar da ita.

Robar da ta dace da tsimi ita ce sabuwa, mai lamba 2 ko 5 a gindinta, wadda ba a taɓa zuba fenti, mai ko magani a ciki ba.