Kogin Kaduna: Daga Tudun Jos Zuwa Kwara

Kogin Kaduna ya taso ne daga tudun Jos, kusa da Vom, inda ƙasa ta haura mita 1,200 sama da teku. Daga can yake gangarowa arewa maso yamma, ya karɓi ruwan Galma mai zuwa daga wajen Zariya, ya ratsa birnin Kaduna, sannan ya karkata kudu ya haɗu da kogin Mariga, har ya faɗa Kwara daura da Pategi. Tafiya ce ta kusan kilomita 550, kuma mafi yawanta a kan tsohon dutse ake yin ta.

Wannan dutse shi ne ya tsara halin kogin. Ruwa bai iya haƙa shi da zurfi ba, don haka sai ya bi tsagogi, nan ya bazu, can ya matse ya yi gudu tsakanin duwatsu. Ga shi ba shi da wata madogara sai ruwan sama.  Da rani za ka ga duwatsu sun fito fili, masu wanki sun shanya kaya a kansu, 'yan yashi na loda tifa, masu lambu sun jefa tiyo a ɗan ruwan da ya rage. Da Agusta ta kama, sai duk wannan ya nutse ƙarƙashin jan ruwa mai ɗauke da itatuwa.

Turawan mulkin mallaka sun ɗanɗana wannan hali tun farko. A 1902 Lugard ya kafa hedikwatar Arewa a Zungeru, a bakin kogin. Amma jiragen ruwa da ke hawowa daga Kwara da ƙyar suke wuce Barijuko, dole aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga nan zuwa Zungeru. Kogin ya ƙi zama hanya, sai jirgin ƙasa ya karɓi aikin. Layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya tsallaka kogin a inda birnin Kaduna yake yau, kuma a 1917 hedikwata ta dawo nan. Wadatar ruwan sha na cikin abin da ya ja hankalinsu. Har gadar ƙafa da Lugard ya gina a Zungeru a 1904 an kwance ta an kawo Kaduna daga baya.

Ruwan ya ciyar da masana'antu ma. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, kuma dattin rininsu ya daɗe yana komawa kogin. Duwatsun da suka hana jirgi wucewa kuwa su suka dace da dam: Shiroro, mai megawat 600, ya fara aiki a 1990, daga baya aka gina na Zungeru mai megawat 700.

A birnin Kaduna, unguwar Kurmin Mashi tana kan tudu ne a arewacin kogin, nesa da gaɓa, shi ya sa mutanen unguwar ke ganin ambaliya kamar matsalar wasu ce. A ganina ba haka ba ne. A da, kurmi da gonaki ne ke shanye ruwan sama a wannan yanki, su sake shi a hankali ta ƙananan rafuka. Yau rufin kwano ne da siminti da kwalta. Ruwan da ya sauka a unguwar nan take yake kwarara cikin kwatoci da leda ta toshe, ya bi rafi ya nufi kogin da ya riga ya cika.

A can ƙasa kuwa, an bi fadamar da kogin ke fantsama a cikinta an yanka filaye an yi gine-gine. Ambaliyar 2003 ta shiga gidaje da dama a bakin kogin. A Satumban 2015 ruwa ya sake tasowa, ya mamaye Kigo Road da Rafin Guza da wasu sassan Unguwar Rimi, iyalai da yawa suka kwashe ɗan abin da ya tsira suka koma wajen 'yan uwa a unguwannin tudu.