Farfaɗo da tsofaffin fina-finai: abin da kwamfuta ke iya gyarawa da abin da ya fi ƙarfinta

Farfaɗo da fim shi ne kwafe tsohon zaren majigi ko kaset zuwa kwamfuta, sannan a kawar da lahanin da shekaru suka yi masa. Misali mafi kusa da mu shi ne Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal da ke Berlin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018.

Aikin hannu ne ke fara zuwa. Ana wanke zaren, a ɗinke inda ya tsinke, a bi shi da na'urar sikana hoto bayan hoto. Kowace daƙiƙa ɗaya ta fim tana ɗauke da hotuna 24, don haka fim mai tsawon awa biyu ya haura hotuna 170,000. Zaren da ya sha zafi da laima yakan fara warin tsami, ya motse, ya yi tauri. Idan ruɓewar ta yi nisa, hoton ya tafi ke nan har abada.

Daga nan sai manhajojin tacewa, waɗanda masu sana'ar ke kira filta. Mai share ƙura tana kwatanta kowane hoto da na gabansa da na bayansa, duk ɗigon da ya bayyana a hoto guda kaɗai ta ɗauke shi datti, ta cike gurbinsa. A nan haɗarin yake. Ɗigon ruwan sama, ko tsinin mashin mahayi a filin hawan daba, su ma sukan gifta a hoto guda, filtar kuwa ba ta san bambanci ba. Shi ya sa ƙwararru ke bin sawunta da ido. Wasu filtocin kuma na tsayar da hoto mai rawa, ko su maido da launin da ya koɗe ya koma ja-ja.

Filtar ƙara kaifi ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ta ƙara wa hoto komai. Bambancin haske da duhu kawai take ƙarfafawa a gefunan abubuwa, ido ya ga kamar ya fito ras. In aka zarce, sai farin zobe ya kewaye fuska da rawani. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun wuce nan: kintatar ido da haƙori suke yi daga fuskokin wasu mutane da aka horar da su a kai. A ganin wannan marubuci, hoton da aka yi wa haka ya tashi daga shaidar tarihi ya koma zane.

Wannan ya shafi duk gidan da ke ajiye da kaset ɗin biki ko naɗin sarauta, a Batsari ne ko Safana ko cikin birnin Katsina. Kaset ɗin VHS layukan hoto kusan 240 kacal yake riƙewa, babu filtar da za ta mayar da shi kamar bidiyon wayar yau. Mai kai kaset shago ya nemi kwafi biyu, ɗaya ɗanye wanda ba a taɓa ba, ɗaya gyararre, ya kuma karɓo kaset ɗinsa ya adana nesa da rana, laima da maganaɗisun lasifika.