Sabon Garin Kano: Tarihin Raba Baƙo da Ɗan Gari

Tun kafin zuwan Turawa Kano ta saba da baƙi, kuma sunayen unguwannin da ke cikin ganuwarta sun isa shaida, domin akwai Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa, akwai Ayagi ta Yarabawa, akwai kuma Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. A wancan zamani baƙo yakan sauka ne a hannun fatoma, wato maigidan da ke ba fatake masauki, ya nemo musu masu saye, ya kuma tsaya musu idan ciniki ya rikice. Idan zama ya yi tsawo, baƙon yakan auri 'yar gari, 'ya'yansa su zauna a tabarma ɗaya da 'ya'yan unguwa a makarantar allo, kafin a kai ga jikoki an zama Kanawa. Abin da ya sauƙaƙa wannan cuɗanya shi ne yawancin waɗannan baƙi Musulmi ne, kuma sun yarda su rungumi harshen Hausa.

Wannan tsari ya sauya bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, musamman da layin dogo ya iso a 1911 ya kawo akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau, waɗanda da yawansu Kiristoci ne. A wajajen 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe musu fili a wajen ganuwa, aka yanka shi layi-layi, aka kira shi Sabon Gari, aka kuma bar hukuncinsa a hannun jami'in Bature maimakon sarki, har zuwa 1940 da aka mayar da shi ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya. Hujjar Turawa ita ce kiyaye addini da al'adun mutanen birni, amma akwai kuma fargabar kada 'yan boko na kudu, masu karanta jaridu da rubuta koke, su koya wa talakawa jayayya da hukuma.

Rabuwar ta fi yin zurfi a fannin ilimi. Da yake an hana 'yan mishan aiki a cikin birni, makarantunsu sun taru a Sabon Gari, inda ƙungiyoyin ƙabilu, kamar ta Ibo, suka gina nasu daga baya, alhali makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta fi mayar da hankali ga 'ya'yan sarakuna da malamai. Ta haka yara suka tashi a gari ɗaya ba tare da sun taɓa haɗa aji ba, kowane ɓangare yana jin labarin ɗayan daga bakin magabatansa kawai. Lokacin da takaddamar siyasa kan neman 'yancin kai ta rikiɗe ta zama tarzoma a watan Mayun 1953, iyakar Fagge da Sabon Gari ce ta zama fagen faɗa, kuma kashe-kashen 1966 sun sa dubban Ibo barin garin.

Gwamnatin tarayya ta nemi maganin wannan rabuwa a makaranta. An buɗe kwalejojin tarayya na farko a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, aka yawaita su bayan yaƙin basasa domin haɗa ɗaliban jihohi daban-daban a ɗakin kwana ɗaya, sannan Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, aka kuma shigar da darasin nazarin zamantakewa cikin manhaja. Sai dai wannan darasi ya fi karkata ga lissafa ƙabilu da tufafinsu da abincinsu, ya bar tambayar yadda doka ta ƙirƙiri baƙo a cikin ƙasarsa, ga shi kuma an yi shekaru da cire Tarihi daga ƙananan azuzuwa kafin a mayar da shi. Matuƙar ana neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma a hannun ɗalibin da aka haifi kakansa a Sabon Gari kafin a ba shi gurbin karatu ko tallafi, wa'azin zaman lafiya a aji ba zai wadatar ba, sai an koya masa shi da abokin zamansa yadda aka shata wannan iyaka da kuma dalilin shata ta.